Bargo Mai Taurari da Na Farke a Lakwaja

Da sunan Allah nake farawa, kuma Shi nake roƙo ya yafe mini abin da zan faɗa a kan kaina.

Tun da na dawo daga Lakwaja ban huta da tambaya ba. Ina zaune a rumfata da allura sai wani ya tsuguna ya ce, "Bukar, wai da gaske ne ba a hango gaɓar ruwan can?" Kafin in amsa wani ya ce, "Wai mata ke ɗinki a garin?" Na lura duk sanda na maimaita labarin sai in ƙara wa kaina jarumta kaɗan. Shi ya sa na ce gara in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru. Karatuna bai yi nisa ba, wanda ya ga kuskure ya gyara.

Ƙanena Umaru ya bi fatake da riɗi zuwa Lakwaja, sai ya zauna can yana koyon aikin katako wurin wani mutumin Saro. Mutanen Saro baƙaƙe ne kamar mu, daga bakin teku suka fito, tufafinsu irin na Turawa, addininsu na Nasara. Wajen ƙarshen damina wani mai goro ya sauka a zaurenmu nan Lafiya, ya ce maigidan Umaru ya mutu, shi kuma Umaru yana kwance da masassara a gidan matar mamacin. Sannan ya rage murya ya ce, "Na ga rigarsa ta saƙi a hannun matar, tana yanka ta da almakashi."

Bai san Iya tana bayan zana ba.

A nan ba sai an yi wa kowa bayani ba. In aka yanki rigar mutum, wurin boka za a kai. Ko ƙyallen da ya faɗi a rumfata, mai riga yakan tsince abinsa ya tafi da shi. Rigar nan kuwa Iya ce ta kaɗa zarenta, ni na ɗinka ta.

Iya ta ce, "Bukar, tashi ka ɗauko mini ɗana da ransa."

Ban tashi ba. Na ce hanya ba ta bushe ba, na ce ina jiran ayari, na ce ƙafata tana ciwo. Gaskiyar ita ce ruwa nake tsoro, ko rafin bayan gari ba na shiga in ya kawo. Sai ranar da ta ce in nemo mata jaki ita za ta je, sannan kunya ta fitar da ni.

A Doma na sauka wurin Agbo, wani ɗan ƙabilar Alago da nake yi wa ɗinki. Aka kawo sakwara da miyar riɗi da nama, na ce cikina yana ciwo, ba zan ci naman ba. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ci abinka. Mahaucinku ya yanka, don kai na aika kasuwa." Na ci, kunya tana cina. Da la'asar dodonsu ya fito, an rufe shi da yadi tun daga kai har ƙafa, ana bin sa da kiɗa. Na ruga bayan rumbu na faɗa kan kaza mai kwanci, ta tsattsage mini ƙafa. Matan gidan suka yi ta dariya, su da ko tashi daga dakansu ba su yi ba.

Agbo ya haɗa ni da wata Banufiya, ana ce mata Nna Gogo, mai kai riɗi Lakwaja ta dawo da kifi banda. Tsohuwa ce gajeruwa, bakinta ba ya hutawa. Ita ta sa mini suna Malam Allura. Daga Doma zuwa bakin Binuwai kurmi ne da laka da ƙudan tsando. Ita tana gaba da kaya a ka, ni ina baya ina waige-waige.

Da na ga ruwan sai na ja da baya. Jirgin itace ɗaya ne aka fafe, an loda masa buhuna har ruwa ya kusa kai bakinsa. Nna ta ce, "Shiga, Malam Allura. In ka nutse ni zan gaji allurarka." Na zauna a tsakiya na riƙe buhu da hannu biyu, na karanta duk abin da na haddace, na sake komawa farko. Wata safiya dorina ta ɗago kai kusa da mu ta yi huci. Masu tuƙi suka yi tsit, suka bar jirgi ya bi ruwa da kansa har muka wuce. Shirun nan nasu ya fi dorinar ba ni tsoro. Abincinmu kifi ne da wani garin rogo da ake jiƙawa a sha, ban taɓa ganinsa ba. Na sha da yawa, ya kumbura a cikina, na yini ina zaton guba aka ba ni.

A Loko ake tsayar da jirage a duba kaya. An ce mini a nan ake kama mutane a ɗora musu kayan Turawa, sai wanda Allah ya kuɓutar. Wani soja mai jar hula, Hausarsa irin ta Arewa, ya kwance ƙunshina ya ga allurai da zare. Ya ce, "Maɗinki ne? Zo nan." Na ce a raina tawa ta ƙare. Ashe aljihun wandonsa ne ya yage. Na ɗinke masa cikin gaggawa, ya sallame mu. Sai da muka yi nisa na tuna na haɗa har da bakin aljihun na ɗinke. Nna ta yi dariya har ta yi tari, ni kuwa duk jirgin da na hango a baya sai in ce shi ne ya biyo mu.

Lakwaja tana inda Binuwai ya haɗu da Kwara, ruwa biyu kowanne da launinsa. Akwai gidaje masu rufin kwano, da jirgin wuta mai ihu, da harsuna da ban san iyakarsu ba. Na sauka a zangon Hausawa, mai masauki ya kwatanta mini gidan. Sunan matar Mami Rebeka.

Abin da na fara gani a barandar gidan shi ne mata sun kewaye wani abu suna ɗinki. A wurinmu mace ta kaɗa zare, namiji ya saƙa, namiji ya ɗinka. Can kuwa ga mata da allura, suna waƙa, kowacce da ƙarfe a kan yatsa. Sun ɗaure yadi a kan itatuwa huɗu, ya miƙe kamar fatar da ake shanyawa. Ko da tsoro ya cika ni sai da idona na maɗinki ya tsaya. Yadi ne a ƙasa, auduga shimfiɗe a tsakiya, a sama kuma wani yadin da aka harhaɗa da ƙananan ƙyallaye. Kowane ƙyalle an yanka shi kamar bakin mashi, a kan wani ɗan gwangwani da suke ɗorawa don duka su zo daidai. In aka haɗa takwas, kawunansu suka gamu a tsakiya, sai tauraro ya fito. Sannan su bi duka ukun da ɗinki ƙanana a jere, don kada audugar ta tattaru wuri ɗaya.

Wata doguwar mace mai furfura ta taso. Da na faɗi sunana sai ta tafa hannu ta ce, "Wan Umaru! Tela! Shigo, ɗana, shigo. Kullum yana kiran ka." Tela shi ne maɗinki a bakinsu. Hausarta a karye take, amma ana ganewa.

Umaru yana kwance a kan gadon katako. Da ba a ce shi ne ba, da ban gane shi ba. Idanunsa sun faɗa, haƙoransa suna kaɗawa, ya dube ni bai san ni ba. An rufe shi da bargo irin wanda ake ɗinkawa a waje, taurari tun daga sama har ƙasa. A cikin taurarin da ke kan ƙirjinsa na ga saƙin Iya. Na san shi kamar tafin hannuna, har wurin da zaren ya yi kauri.

Mami ta ga inda nake kallo, ta yi murmushi. Ta ɗora yatsa a kan wani ƙyalle mai ruwan ƙasa ta ce, "Wannan mijina. Ya mutu." Ta matsa kan wani fari mai zane. "Wannan ɗana. Ya mutu." Ta nuna wani ja. "Wannan ƙanwata, ya mutu a Saro." Sannan ta shafa saƙin Iya ta ce, "Wannan Umaru."

Ban san yadda na fita daga ɗakin ba. Na tsinci kaina a bakin hanya. A raina na gama hukunci: duk wanda rigarsa ta shiga bargon nan ya mutu, saura ƙanena. Ban tambaye ta komai ba. Ban tambayi mai masaukina ba, shi da ya daɗe a garin. Na riƙa zuwa gidan kullum ina gaishe ta da fara'a, in ta ba ni abinci in zubar a bayan gida. Na ga tana ba shi wani farin gari mai ɗaci a cokali, na ce wannan ma yana cikin aikin.

Ran Lahadi da hantsi ƙararrawa ta kaɗa, matan duka suka sa fararen kaya suka tafi wurin ibadarsu. Mami ta ce, "Tela, ka zauna da shi. In ya yi sanyi ka rufe shi da kyau." Na ce to.

Suna fita na zaro wuƙata. Da na bi ɗinkin a hankali da na cire ƙyallayen lafiya, amma ɗinkin ya yi ƙanana, ni kuma ina sauri. Sai na riƙa yankewa. Duk inda saƙin Iya yake na fafe shi, auduga tana fitowa fara. Na kai ƙyallayen murhu na ƙone su ƙurmus, ina addu'a. Na yar da bargon a ƙasa, na goya Umaru, na nufi bakin ruwa, don na riga na san ranar Nna Gogo za ta juya. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

Nna ta dube shi ta dube ni. Ta ce, "Wannan za ka sa a ruwa? Ba ka ga hadari ba?" Na ce uwarsa ke kira. Ana cikin kwance igiya sai ga Mami Rebeka a guje, da farin kayanta, ba takalmi, bargon a rungume. Ta shigo ruwa har gwiwa tana cewa, "Tela! Bai warke ba! Ka bar shi kwana kaɗan!" Na juya mata baya. Ta miƙo mini bargon, na ja jikina na yi a'uziyya da ƙarfi, a fuskarta, kowa yana ji. Ta tsaya ta dube ni. Sannan ta juya daga gare ni. Ta kira Nna, ta ba ta bargon da wata 'yar kwalba, suka yi magana da Nufanci. Ta shafa kan Umaru, ta koma gaɓa. Har muka sha kwana tana nan tsaye.

Na ce wa Nna ta jefa abin a ruwa. Ta ce, "Ni aka ba. Taɓa shi ka ga." Ta zauna a kansa.

Komowa ba kamar zuwa ba ne. Ruwa yana tura jirgi baya, masu tuƙi suna bin gefe da gora, a yini ba a cin nisa. Kashegari da la'asar hadari ya haɗo, iska ta taso, ruwa ya sauko. Rumfar tabarmar da ke jirgin ba ta tare komai ba. Umaru ya fara rawar ɗari irin wadda ban taɓa gani ba, har jirgin yana motsi da shi. Leɓunansa suka yi fari. Na rufe shi da mayafina, mayafin ya jiƙe. Na kwanta a jikinsa, bai ji ɗumi ba. Na kira sunansa bai amsa ba. A lokacin na ga yadda zan shiga gidanmu ni kaɗai, Iya tana tsaye a ƙofa.

Nna ta ture ni ta shimfiɗa masa bargon. Ban hana ta ba, ƙarfin hanawa ya ƙare mini. Ta buɗe masa baki ta zuba garin nan mai ɗaci da ruwa. Ta ce, "Matar ta ce safe da yamma. Ta ce kada a ba ka kwalbar, zubarwa za ka yi." Ashe duk ta san abin da nake yi da abincinta.

Da gari ya waye rawar ta lafa, ya buɗe ido ya ce, "Yaya?" Ranar ce ya fara gane ni. Ya shafa ƙirjinsa, yatsunsa suka faɗa cikin ramukan da na yi. Ya ɗago kai da ƙyar.

"Ina saƙin Iya?"

Na ce, "Na cire. Na ƙone. Umaru, matar nan yanka rigarka ta yi. Duk waɗanda ke cikin bargon nan sun mutu, ita da bakinta ta faɗa mini."

Ya ce, "Sun riga sun mutu kafin ta yanka kayansu, Yaya. Haka suke yi, don kada a manta da mutum. Shuɗin nan na tsakiya zanenta ne, ita ma tana ciki, ga ta da ranta. Rigar ta ruɓe a kafaɗa, ba ta sawuwa. Ni na ba ta. Na ce ta sa mini zaren Iya inda zan riƙa gani." Ya juya fuska ya bar ni. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sanyin bai tafi ba, kullum da yamma yana dawowa, kuma daidai ƙirjinsa bargon yake a huje. Auduga tana zubewa, iska tana shiga. Nna ta ce, "Malam Allura, kai ba maɗinki ba ne? Toshe." Na ce ba ni da yadi, ko za ta ba ni gefen tsohon zanenta. Ta ce, "Zanena? Wanda ya farke shi zai toshe. Ga riga nan a jikinka."

Na san abin da Umaru ya faɗa gaskiya ne, amma sani bai cire mini tsoro ba. Tun ina yaro ake ce mini kada in bar kowa ya yanki rigata. Na riƙe wuƙar na daɗe, har masu tuƙi suka fara yi mini ba'a da yarensu. Sai Umaru ya yi tari, haƙoransa suka fara kaɗawa. Na kama gindin rigata na yanka.

Ba ni da ɗan gwangwaninsu, da ido na riƙa aunawa, jirgi yana tangaɗi. Na tsince audugar da ta zube na mayar. Ko ɗaya daga cikin taurarin da na gyara kawunansa ba su gamu a tsakiya ba. Nna ta leƙa ta ce, "Wannan tauraro ne ko ƙafar kaza?" Amma ramukan sun toshe. Duk dare in na kwanta sai in riƙa sauraron jikina, ina jiran ciwo ya fara. A Loko na ɓuya a bayan buhuna saboda sojan nan, ban ma gan shi ba.

Kafin mu sauka daga ruwa Umaru ya fara shan kunu. Daga bakin ruwa mutanen Agbo suka ɗauke shi a kan makara ta gora, abin da ya sa na yi ta faɗa da su a kan su daina kiranta da wannan suna. Daga Doma ya hau jaki, a nannaɗe cikin bargon, yara suna bin mu suna kallo.

Iya ta rungume shi ta yi kuka har ta gaji. Sannan ta ɗago ta ga rigata ta tsaya a cinya, bakinta a yayyanke. Ta dafe ƙirji ta ce, "Wa ya yanki rigarka?"

Na ce, "Ni ne, Iya."

Na so in gyara labarin, amma Umaru yana zaune, sai na faɗi duka. Ta jawo bargon ta shafa shi tauraro bayan tauraro, tana tambayar Umaru wannan na wane ne, yana gaya mata. Ba ta yi mini faɗan zarenta ba. Abu ɗaya ta tambaya.

"Da za ka ɗauke shi, me ka ce wa matar?"

Na gaya mata.

Ta ce, "Ta yi jinyar ɗana, ta ci da shi, ta rufe shi da rigar ɗanta. Kai kuma ka yi mata a'uziyya."

Ta yi kwanaki ba ta dube ni ba. Umaru ya ci gaba da samun sauƙi, yanzu har yana zuwa kasuwa da sanda. Ranar da muka ji Nna Gogo ta iso Doma za ta sake gangarawa, Iya ta kira ni ɗakinta. Ta miƙo mini zanenta baƙi, wanda take ɗaurawa kullum, ba sabo ba, ko wanke shi ba ta yi ba.

Ta ce, "Kai wa Banufiyar nan ta kai wa matar da ta yi jinyar ɗana. A ce uwar Umaru ce ta aiko, ta yanka yadda take so."

Na ce, "Iya, ba kya tsoro?"

Ta ce, "Ina tsoro mana. Kai dai ɗauki ka kai."

Na ɗauka na kai. Allah ya yafe mini, ya sa ita ma matar ta yafe.